Shin Ko Kun San? Aikin Maɓallan F1 Zuwa F12 A Excel

Shin ko kun san cewa maɓallan nan da ke jere a saman kibod ɗin kwamfutarku, daga F1 zuwa F12, asalinsu ya girmi Excel kanta? Kwamfutar tebur ta IBM da ta fito a 1981 da guda 10 ta zo, kuma ba a sama suke ba, a gefen hagu aka jera su biyu-biyu. Sai a tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya fito da kibod mai maɓallai 101, ya ƙara F11 da F12, ya kwashe su duka ya mayar sama, inda suke har yau. Akwai ma kibod na manyan kwamfutocin IBM da ke da su har 24.

Shin ko kun san ba Microsoft ce ta raba wa manya daga cikinsu aiki ba? Gado ta ci. A watan Janairun 1983 aka fitar da manhajar lissafi mai suna Lotus 1-2-3, aikin Mitch Kapor da Jonathan Sachs a Amurka, kuma cikin ɗan lokaci ta mamaye ofisoshi. A cikinta F1 neman taimako ne, F2 gyaran abin da ke cikin gida (wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki), F3 kiran sunaye, F4 kulle adireshin gida, F5 tsallakawa zuwa inda ake so, F9 sake lissafi. Da Excel ta fito, a 1985 kan Macintosh sannan a 1987 kan Windows, ta tarar yatsun akantoci sun riga sun saba, sai ta bar waɗannan shidan yadda ta same su. IBM, wadda ta sayi Lotus a 1995, ta daina sayar da 1-2-3 a 2013, amma akantan da ya koyi aiki a 1983 zai zauna gaban Excel ta yau ya danna F2 da F4 su amsa masa kamar da. Har kuskuren Lotus Excel ta gada da gangan don fayilolin manhajojin biyu su jitu: ku rubuta ranar 29 ga Fabrairun 1900, za ta karɓa, alhali ba a taɓa yin wannan rana ba.

Shin ko kun san F4 kaɗai ya isa ya tsare mutum daga asarar kuɗi? A nan zan ɗan tsaya, don a ganina duk layin babu kamarsa. A ce mai shago a Kantin Kwari ya jera farashin kayansa a layin B: shadda a B2, atamfa a B3, leshi a B4, haka har ƙasa. Can gefe, a gidan E1, ya rubuta harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100, adadin da ya fara aiki a Najeriya a Fabrairun 2020. Ya zo C2 ya rubuta =B2*E1. Shaddar naira 40,000 ta ba shi harajin naira 3,000, daidai wa daida. Sai ya kama kusurwar gidan ya ja fomular ƙasa don ta yi wa sauran kayan. Nan take sifiri ya cika layin. Me ya faru? Da fomular ta sauka taki ɗaya, B2 ya koma B3, abin da ake so ke nan, amma E1 ma ya bi sahu ya koma E2, sannan E3, gidajen da babu komai a cikinsu. Maganin abin dannawa ɗaya ne. Da zarar ya rubuta E1 a cikin fomular, ya danna F4, zai ga ya koma $E$1. Alamar dalar nan ba ruwanta da kuɗin Amurka, turke ce da aka ɗaure gidan a jikinta, duk inda aka ja fomular ba zai gusa ba.

Sifirin ma da sauƙi, tunda ido yana ganinsa. Abin tsoro shi ne a ce E2 da E3 suna ɗauke da wasu lambobi, ragin da ake yi wa dillali ko kuɗin mota. A nan Excel za ta ninka farashi da su, ta fito da adadi mai kama da gaskiya, ba ta ce uffan ba, a buga takarda a miƙa wa mai saye.

Kuma F4 zagaye yake yi, matakai huɗu. Dannawa ta farko $E$1, an kulle ko'ina. Ta biyu E$1, lambar layin kwance kawai aka kulle. Ta uku $E1, harafin layin tsaye kawai. Ta huɗu ya dawo E1 yadda yake. Masu ganin matakan tsakiyar nan ba su da amfani su gwada wannan: a jera 1 zuwa 12 daga A2 zuwa A13, a sake jera su daga B1 zuwa M1, a rubuta =$A2*B$1 a gidan B2, a ja ta gefe, a ja ta ƙasa. Jadawalin sau na 'yan firamare ya kammala, gidaje 144 da fomula ɗaya tak.

Masu amfani da VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi ta farko a ƙananan kwamfutoci, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, ba su samu wannan gatan ba. Kwamfutar Apple II da take aiki a kai ba ta da maɓallan F ko ɗaya. Duk lokacin da za a kwafi fomula, sai manhajar ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: wannan ya tsaya ko ya gusa?

Shin ko kun san F4 fuska biyu gare shi? Idan ba a cikin rubuta fomula kuke ba, aikinsa maimaita abin da kuka yi na ƙarshe. Kun shafa wa sunan ɗalibin da bai biya kuɗin makaranta ba ruwan ɗorawa? Ku je kan na gaba ku danna F4, shi ma ya shafu. Kun saka sabon layi? F4 zai ƙara wani. A kula dai, idan abin da aka yi na ƙarshe goge layi ne, gogewar zai maimaita, ba tambaya.

Shin ko kun san F2 ya fi ƙarfin gyaran rubutu kawai? Gaskiya ne, shi ne ke buɗe gida a gyara harafi ɗaya ba tare da an share duk abin da ke ciki ba, kuma ya fi danna linzami sau biyu sauri. Amma babban amfaninsa shi ne tona asirin fomula. Ku tsaya kan gidan jimla ku danna F2: Excel za ta zagaye duk gidajen da fomular ta taɓa da launuka, shuɗi, ja, da sauransu, kowane adireshi da nasa. Idan jimlar albashi ta tsaya a layi na 44 alhali ma'aikata sun kai layi na 49, zanen zai nuna muku biyar ɗin da aka bari a waje.

Kada a ɗauka ƙaramin ma'aikaci kaɗai irin wannan ke samu. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibin Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu fayil ɗin Excel ɗinsu, ya ga fomular fitar da matsakaici ƙasashe 15 ta ɗauka cikin 20. Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak duk suna waje. Ba wannan ne kaɗai abin da shi da malamansa biyu suka soka a binciken ba, akwai batun yadda aka zaɓi alƙaluma da yadda aka auna su. Amma shi wannan kuskuren, dannawar F2 ɗaya kan gidan za ta fallasa shi. Shi ya sa nake ganin bai kamata kowa ya sa hannu a takardar kuɗi ba sai ya danna F2 a kan kowace jimla. An gama dubawa, a fita da Esc, kada a taɓa komai.

Wani ɗan sirrin F2: idan kuna gyaran fomula a cikin ƙaramar taga, kuka danna kibiyar hagu don komawa baya sai Excel ta riƙa cusa muku adireshin gidaje, ku danna F2, kibiyar za ta koma yawo cikin rubutun.

F1 kuwa, maƙwabcin F2 da Esc ne, kuma nan matsalarsa take. Yatsa ya ɗan kauce, sai tagar taimako ta buɗe ta tsayar da aiki. Shin ko kun san wasu ma'aikatan bankunan zuba jari da ke wuni kan Excel ɓamɓare shi suke yi daga kibod gaba ɗaya? Ni ban ba da shawarar haka ba, don idan an haɗa shi da Ctrl yana ɓoye faffaɗan layin umarni na sama, allon ƙaramar laftof ya ƙara fili.

Shin ko kun san dalilin da ya sa wasu ke danna F2 ko F4 sai sauti ya ragu, ko hasken allo ya canza? Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Masu ƙera laftof ne suka ɗora wa layin aiki na biyu, suka sa shi a gaba. Sai an riƙe maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu kafin F ɗin gaskiya ya amsa. A laftof da yawa na Dell da Lenovo, danna Fn tare da Esc yana juya lamarin, maɓallan su koma aikinsu na asali. A HP da yawa kuma sai an shiga saitin BIOS an kashe abin da suka kira Action Keys. Mutane da dama a nan suke yanke ƙauna, su ce abin ba ya aiki a tasu kwamfutar. Kamfanin Apple ma ya taɓa cire layin daga wasu MacBook Pro a 2016, ya sa siririn allon taɓawa a gurbinsa, sannan ya dawo da maɓallan a 2021.

Shin ko kun san akwai lokacin da Excel ke daina lissafi da kanta? Kun canza farashi, jimla ta ƙi motsi. Galibi an mayar da fayil ɗin kan lissafin hannu ne, abin da masu manyan fayiloli ke yi don kada kwamfuta ta riƙa nauyi. F9 ne ke tayar da ita ta sake lissafa duk fayilolin da ke buɗe, Shift da F9 kuma shafin da kuke kai kawai. Abin da ya kamata a sani shi ne Excel tana ɗaukar wannan saitin daga fayil na farko da aka buɗe. Wato idan wani ya turo muku fayil mai lissafin hannu, kuka fara buɗe shi da safe, naku fayilolin da za su biyo baya su ma sun tsaya cik. Mai haɗa sakamakon jarrabawa ya gyara makin yaro, matsakaici bai canza ba, a buga kati da tsohon adadi. Idan kun ga kalmar Calculate a can ƙasan allo, alamar ke nan.

F9 yana da wani aikin da na fi so. A cikin doguwar fomula da ta rikice, ku zaɓi wani yanki nata kaɗai ku danna F9, zai nuna muku abin da yankin ya haifar. Haka za ku bi ta gaɓa-gaɓa har ku kama inda cutar take. Sharaɗi ɗaya: a fita da Esc. Wanda ya danna Enter ya maye gurbin yankin da lamba busasshiya, fomular ta daina bin canji. Masu jefa ƙuri'ar adashi kuma, =RANDBETWEEN(1,20) tana fitar da sabuwar lamba duk lokacin da aka danna F9, a gaban kowa.

Shin ko kun san shafin Excel ɗaya yana da layukan kwance 1,048,576 da na tsaye 16,384 tun daga fitowar 2007? Kafin nan 65,536 ne da 256. Wanda zai gangara wannan da linzami ya sha hanya. F5 zai buɗe 'yar taga, a rubuta B5000, a danna Enter, an isa. Ainihin dukiyar F5 tana ƙarƙashin maɓallin Special da ke cikin tagar. A ce rajistar asibiti ce, an rubuta sunan unguwa sau ɗaya, aka bar gidajen ƙasa fayau har sai an zo wata unguwar. Ku zaɓi layin, F5, Special, Blanks: duk gidajen da babu komai sun zaɓu lokaci ɗaya. Ku rubuta alamar daidai, ku danna kibiyar sama, sannan Ctrl da Enter. Kowane gida ya kwafi na samansa. Aikin da zai cinye yini ya ƙare kafin shayi ya huce. Ta nan kuma ake zaɓo gidajen da ke da fomula kaɗai, a ga inda wani ya goge fomula ya rubuta lamba da hannu.

'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Yamai, masu aiki da Excel ta Faransanci da kibod mai fara jeri da AZERTY, su ma abin ya shafe su. Sunayen fomuloli sun bambanta, SUM ta koma SOMME, wasu haɗe-haɗen Ctrl ma haka: Ctrl da G a ta Turanci tsallakawa ne, a ta Faransanci kaurara rubutu ne. Amma F2, F4, F5, F9 da F12 aikinsu ɗaya a duka biyun. Wanda ya riƙe su zai yi aiki a Katsina, ya tsallaka Maraɗi ya ci gaba.

Shin ko kun san Excel ba ta ja wa kuskuren rubutu jan layi yadda Word take yi? Sai an danna F7 take dubawa. Kuma a saitinta na asali tana tsallake kalmomin da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla, waɗanda su ne kanun jadawali da kowa ke fara gani.

F11 zane yake yi. A zaɓi alƙaluman cinikin wata 12, a danna shi, zanen ginshiƙai ya fito a sabon shafi nasa na kansa. Alt da F1 zai ajiye zanen a gefen alƙaluman. Shift da F11 sabon shafi ne. F12 yana buɗe tagar adana fayil da sabon suna kai tsaye, kuma ɗabi'a ce mai kyau a danna shi kafin a taɓa fayil ɗin wani, a yi aiki kan kwafi, asalin yana nan. Shift da F12 adanawa ne kamar Ctrl da S, abin da duk mai aiki da kwamfutar tebur a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya san darajarsa. Linzami ya mutu ana tsakiyar aiki? Shift da F10 daidai yake da danna ɓangarensa na dama. F8 kuma shi ne mai sa mutane su zaci kwamfuta ta haukace: an taɓa shi bisa kuskure, duk inda aka matsa sai gidaje su yi ta zaɓuwa. A sake danna shi, ko Esc, ya saki.

Alt da F11 ƙofa ce zuwa wani ɗaki daban, inda ake rubuta ƙananan shirye-shiryen da ake kira makuro da harshen VBA, wanda ya shigo Excel a 1993. Masu gwaninta suna sa Excel ta yi aikin awa guda cikin daƙiƙa da shi. Ɓarayin intanet ma ta nan suke shigowa. Tun 1996 aka ga ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Laroux da ke yaɗuwa ta fayilolin Excel, kuma a 2022 Microsoft ta fara toshe makuro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Fayil ɗin da ba ku san mai shi ba, ya zo ta imel ko WhatsApp yana roƙon ku kunna masa makuro, ku rufe shi.

Shin ko kun san ba duka ne ke bin ku zuwa wasu manhajojin ba? A Google Sheets F2 da F4 suna nan yadda kuka san su, amma da yake a cikin burauza take, F5 sake loda shafin zai yi, F11 ya cika allo, F12 a Chrome ya buɗo kayan aikin masu gina shafukan intanet. A LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, F2, F7 da F9 ba su canza ba, F4 ma yana kulle adireshi a sababbin fitowa, sai dai F11 salon rubutu yake buɗewa, F12 kuma haɗa layuka rukuni. A Excel ta Mac, Command da T yana yin aikin kullewar F4.

Shin ko kun san har gasar duniya ake yi ta Excel? A birnin Las Vegas ake yin wasan ƙarshe, a gaban 'yan kallo, ana ba masu fafatawa matsala da ƙayyadadden lokaci. Andrew Ngai na Ostareliya ya lashe ta sau 3 a jere kafin Michael Jarman ya karɓe kambin a Disambar 2024.

Abin da ke damuna shi ne matashi ya biya kuɗi ya yi watanni a makarantar koyon kwamfuta, ya fito da takardar shaida, bai taɓa jin abin da F4 ke yi ba. Kira nake ga malaman waɗannan makarantu, daga Kano zuwa Damagaram, su ware wa layin nan darasi guda cikakke, su sa ɗalibai su ajiye linzami a ranar. Ku kuma masu karatu, ba sai kun haddace 12 ɗin ba. Gobe in Allah ya kai mu, idan kun buɗe fayil ɗin albashi, ko na ciniki, ko na sakamakon ɗalibai, ku fara da biyu: F2 a kan kowace jimla, F4 a kan duk adadin da ba ku so ya gusa.